Sankarar furostat: wa za mu saurara, ina za mu je?

Darasinmu na wannan fitowa ya shafi wani ciwo na maza dattawa wanda ake jin nauyin faɗarsa. A fada ba a zancensa, a gida ma ba a yi, amma cikin salula kullum ana yi. Saƙon murya ya shigo ta WhatsApp, wani ya ce yana da sauyar da ke kashe ciwon cikin kwana 7. Bidiyo ya fito a Facebook ko TikTok, mutum sanye da farar riga yana nuna kwalba da lambar da za a kira. Dattijon da ya kwana yana tashi fitsari sau biyar, in ya ji wannan, mi zai hana shi saida hatsinsa ya tura kuɗi?

Za mu duba yadda ake rarrabe zancen gaskiya da na ƙarya, da kuma inda taimako yake. Amma wanda bai san hatsi ba, ba ya iya zaɓen iri. Don haka mu fara da sanin ciwon kansa.

Mine ne furostat?

Furostat wata ƴar tsoka ce da namiji kaɗai ke da ita. Tana ƙarƙashin mafitsara, ta kewaye hanyar fitsari kamar yadda zobe ke kewaye yatsa. Ga saurayi, girmanta bai wuce goro guda ba. Aikinta shi ne ƙara ruwa cikin maniyyi. Da yake Hausa ba ta da tsayayyen suna gare ta, sau da yawa mukan ji ana cewa "sankarar mafitsara". Mu lura da kyau: mafitsara daban, furostat daban, kuma sankarorinsu ba ɗaya ba ne.

Ciwo iri uku ke kama furostat. Akwai kumburin tsufa: tsokar ta ƙara girma da shekaru, ta matse hanyar fitsari. Wannan shi ya fi yawa, kuma ba sankara ba ne. Akwai kumburin da ƙwayoyin cuta ke kawowa, mai zuwa da zazzaɓi da zafin fitsari. Na ukun shi ne sankara, wadda wasu ke kira cutar daji ko kansa. Dukansu uku suna iya zuwa da kama ɗaya: fitsari ba ƙarfi, yana yankewa, mutum ya gama ya ji kamar bai gama ba, dare ya yi ta tashi. Ke nan duk wanda ya saurari bayaninmu cikin salula, ya ce ya gane irin ciwon ba tare da awo ba, cin-ta-ci kawai yake yi.

Ga mu manoma akwai wani abin lura. Fitsarin jini ga wanda ke aiki cikin fadama, ko gonar shinkafa ta bakin kogi, ko kamun kifi a tabki, sau da yawa tsargiya ce. Maganinta, furazikantel, sananne ne. Tsargiyar da aka bari shekara da shekaru tana ɓata mafitsara, har ta iya kawo sankarar mafitsara ta ainihi. Wannan ma awo ne ke rarrabe shi.

Sankarar furostat halinta irin na ƙuduji ne. Ƙuduji yakan kama sauyar hatsi a ƙarƙashin ƙasa, ya daɗe yana tsotso kafin a ga furensa. Haka ita ma: da farko ba ta nuna komi. In ta daɗe takan bi ƙasusuwa, sai mutum ya fara ciwon baya da na kwatangwalo wanda ba ya bari ko da dare, ya rame, ƙarfi ya ragu. Ta fi kama wanda ya wuce shekara 50. Wanda ubansa ko ɗan uwansa ciki ɗaya ya yi ta, kasadarsa ta ninka kamar sau biyu. Baƙar fata kuma ya fi sauran jinsuna kamuwa: a Ingila an ƙiyasta cewa namiji 1 cikin 8 zai kamu a tsawon rayuwarsa, amma cikin baƙaƙen fata 1 ne cikin 4. Cibiyar binciken sankara ta hukumar lafiya ta duniya, OMS, wadda ke birnin Liyon na Faransa, ta ƙiyasta cewa a shekara ta 2022 maza kusan miliyan 1 da rabi suka kamu a duniya, kusan dubu 400 kuma suka rasu.

Ba a ɗaukar ta wajen wani. Miji ba ya shafa wa matarsa. Ba ciwon sanyi ba ce, ba kuwa alamar neman mata ba.

Abin da salula ba ta iyawa

Likita yana da hanyoyinsa. Zai yi tambayoyi. Zai sa safar hannu, ya taɓa furostat da yatsa ta dubura, don ya ji ko ta yi tauri ko ƙulli. Mun san wannan awon shi ne ke korar maza da yawa daga asibiti. Bai kai minti guda ba, kuma cikin sirri ake yin sa. Sannan akwai awon jini da ake kira PSA. Galibi in lambar ta haura 4 likita yakan ƙara bincike. Amma hawan PSA ba shi ne sankara ba, don kumburin tsufa yana ɗaga shi, ƙwayoyin cuta suna ɗaga shi, sa robar fitsari ma haka. Akwai kuma mai sankara wanda lambarsa ba ta hau ba. Abin da ke yanke hukunci shi ne biyofsi: a ɗebo ɗan tsoka ƙanƙane da allura, a duba shi da madubin likita. Daga nan ne ake samun lambar Gilisan, daga 6 zuwa 10. Shida tana nufin sankara mai tafiyar hawainiya, 9 da 10 kuwa mai gaggawa.

Akwai zancen da ke yawo cewa in ƙarfe ya taɓa sankara sai ta watsu. Ba haka ba ne. Abin da ke faruwa shi ne, mutane da dama ba su zuwa asibiti sai ciwon ya riga ya watsu. In suka rasu bayan aiki, sai a ɗora wa wuƙar likita laifin jinkiri.

Ƙungiyar likitocin hanyar fitsari ta Turai tana ba da shawara namiji ya tattauna zancen awo da likita daga shekara 50, baƙar fata kuwa, ko mai gadon ciwon, daga 45.

Mu auna saƙo kafin mu yarda

Kada mu ɗauka mu kaɗai ake ruɗa. A shekara ta 2019 wata likita ta jami'ar birnin Niyok da abokan aikinta suka fitar da sakamakon wani bincike. Sun duba bidiyo 150 na farko da YouTube ke nunawa bisa sankarar furostat. Cikin 115 daga ciki sun samu zancen da ke iya ɓatar da mutum, walau cikin bidiyon, walau cikin abin da ƴan kallo suka rubuta a ƙasa. Abin da ya fi tada hankali: bidiyon da suka fi rashin inganci sukan fi samun ƴan kallo. Ke nan yawan waɗanda suka kalli abu ba shaida ba ce. A kasuwa ma mai wasa da kura ya fi malamin gona tara jama'a.

Tambaya ta farko ita ce: wa ke magana? Likitan gaskiya yana da suna, yana da asibitin da yake aiki, ana iya zuwa a same shi. Farar riga kuwa kowane tela yana ɗinka ta. Yau har akwai dabarun kwamfuta da ke ɗaukar hoton sanannen mutum su sa masa muryar da ba tasa ba. A WhatsApp, in muka ga kibiya biyu bisa kan saƙo, alama ce ya bi hannuwa masu yawa, har ba a san mafarinsa ba. Ko da aminin da muka yarda da shi ne ya turo, shi ma turo masa aka yi.

Ta biyu, wadda a ganinmu ta fi kowace nauyi: mi mai maganar ke so gare mu? In bayanin ya ƙare da lambar da za a tura kuɗi, to talla ce, ba darasi ba. Mai talla yana da kalmomin da ake gane shi da su. Zai ce maganinsa yana warkar da sankara da ciwon suga da hawan jini da basir da rashin ƙarfin namiji, duk cikin kwalba guda. Zai ce likitoci sun san sirrin suna ɓoyewa. Zai ce kada a yarda a yi aiki. Zai ce saura kaɗan, a yi gaggawa. Zai kawo muryoyin mutanen da suka ce sun warke, ba wanda ya san ko an taɓa yi masu biyofsi. Mai kumburin tsufa yana iya jin sauƙi na ɗan lokaci, ya rantse da gaskiyarsa cewa ya warke daga sankarar da bai taɓa yi ba. Waɗanda suka sha suka mutu kuwa ba su aiko da saƙon murya.

Ko kwali mai ƙyalli daga ƙasashen waje ba hujja ba ne. A Amurka an yi wani haɗin itatuwa mai suna PC-SPES, wanda masu sankarar furostat suka yi ta saye, don yana saukar da lambar PSA. Da aka auna shi sai aka tarar an cuɗa magungunan asibiti a ɓoye, har da warfarin mai tsinka jini. A 2002 aka janye shi daga kasuwa. Haka kuma an daɗe ana cewa bitamin E da sinadarin seleniyom suna kare namiji daga wannan ciwo. Aka gwada bisa maza fiye da dubu 35 tun daga 2001. Sakamakon 2011 ya nuna ba su kare kowa ba, masu shan bitamin E ma kamuwarsu ta ƙaru da kashi 17 cikin 100. Mu dubi bambancin: masu bincike sun gwada, abin bai yi ba, suka fito suka faɗa. Mai talla ba ya taɓa cewa maganinsa ya kasa.

Ba muna zagin masu maganin gargajiya ba ne. Cikinsu akwai masu amana, waɗanda in suka ga abin ya fi ƙarfinsu sukan ce a tafi asibiti. Abin da muke roƙo shi ne, duk abin da mutum ke sha ya faɗa wa likita, ya kai masa kwalbar ko ƙullin ya gani. Musamman magungunan ƙarfin maza na bisa tebur: ba a san abin da ke ciki ba, kuma sinadarin maza, testosteron, shi ne abincin wannan sankara.

Inda ake samun bayani mai tushe

Cikin intanet akwai rijiyoyi masu ruwa mai kyau. Akwai shafin OMS. Akwai na cibiyar sankara ta ƙasar Faransa, INCa, wadda ke da littattafai kyauta don marasa lafiya da danginsu. Akwai na ƙungiyar likitocin hanyar fitsari ta Faransa, AFU, mai takardun da ke bayyana kowane awo da kowane aiki. Wanda ya iya Ingilishi yana da shafin cibiyar sankara ta Amurka, cancer.gov. Irin waɗannan ana gane su da abu uku: ba su saida magani, suna sa ranar da aka yi rubutun, kuma suna faɗin illar magani kamar yadda suke faɗin amfaninsa.

Matsalar ita ce ba da Hausa aka rubuta su ba. To, a samu yaro ɗan lakwal mai hankali, ko malamin yaƙi da jahilci, ya karanta ya fassara. In za a nema, a rubuta sunan ciwon da Faransanci, cancer de la prostate, tare da sunan cibiyar. A tsallake layukan farko masu alamar talla, don kuɗi aka biya suka hau sama. Shirye-shiryen kiwon lafiya na Muryar Sahel da na rediyon karkara su ma hanya ce, muddin an faɗi sunan likitan da asibitinsa. Amma a rediyo ma akwai filin da mai magani ke saye da kuɗinsa, kada mu haɗa su.

Ko bayanin gaskiya yana da tarko. Ga misali. A Ingila an bi maza 1.643 tsawon shekara 15. Wasu an yi masu aiki, wasu gashi, wasu kuwa ido kawai aka sa masu. A 2023 aka bayyana cewa kusan 97 cikin 100 ba su mutu da ciwon ba, ko wace hanya aka bi. Labari ne na gaskiya, mai daɗin ji. Sai dai waɗancan mutane awon jini ne ya gano ciwonsu tun yana cikin furostat bai fita ba. Dattijon da ciwon baya ya riga ya kama, in ya karanta wannan ya ce bari ya zauna gida, ya cuci kansa. Shawarar shuka ta ƙasar Gaya mai yawan ruwa ba ta yi wa manomin Tanut. Abin da muka karanta, tambaya ce za mu kai wa likita, ba hukunci ba.

Hanyar asibiti a ƙasarmu

A fara da CSI mafi kusa. Majo zai duba, ya ba da takardar turawa zuwa asibitin gunduma ko babbar asibitin jiha. Likitan da ake nema shi ne na hanyar fitsari, wanda ake ce wa irolog. Akwai sashensu a asibitin Amiru Bubakar Diyallo ta Lamorde a Yamai, da asibitin ƙasa ta Damagaram. Mutanen Maraɗi da Tawa su tambayi babbar asibitin jiharsu ranar da ake ganin irin wannan likita, kafin su biya kuɗin mota. A Yamai kuma akwai cibiyar yaƙi da sankara ta ƙasa, CNLC. Nan ne aka buɗe sashen gashi na farko a Nijar a 2021, da taimakon hukumar makamashin nukiliya ta duniya, AIEA. Kafin wannan shekara, mai bukatar gashi sai ya fita waje.

Magani ya danganta da inda ciwon ya kai da shekarun mutum. In ƙarami ne mai tafiyar hawainiya, ana iya sa ido kawai da awo a kai a kai. In yana cikin furostat, aiki ko gashi na iya warkar da shi. Likitan kirki zai faɗa tun farko cewa suna iya barin yoyon fitsari ko raunin mazakuta. In ya watsu, ana rage sinadarin maza a jiki, walau da allura ta wata wata ko ta wata 3, walau da ƙaramin aiki na cire ƴaƴan maraina, wanda sau guda ake biyan kuɗinsa. Wani likitan Amurka, Cals Hagins, shi ya gano wannan dabara a 1941, ya samu kyautar Nobel a 1966. Ba ta tumɓuke ciwon, amma tana kwantar da shi, wani lokaci shekaru. Babban kuskure shi ne mutum ya ji sauƙi ya bar allura. Ciwon ƙashi mai tsanani kuma yana da magani, har da morfin. A faɗa wa likita, kada a ciji haƙora a yi shiru.

Ba a ɗaukar wannan kaya mutum ɗaya

Ciwon yana taɓa abin da namiji ke kunya, shi ya sa wasu ke ɓoye shi ko ga uwargida. Alhali ita ce ke ganin tashin dare, ita ce za ta yi jinya. Ƴan uwa maza da ɗiya maza su ma suna da haƙƙin sani, don su yi awo da wuri. Manyan mutane sun fito sun faɗi nasu. An gano ciwon Nelsan Mandela a 2001, aka yi masa gashi, ya rayu har 2013, ya rasu yana da shekara 95. Dezman Tutu an gano nasa a 1997, ya kai 2021. Kowace shekara, watan Nuwamba shi ne watan faɗakarwa bisa wannan ciwo, wanda ake kira Nuwamba Shuɗi. A kasa kunne cikin watan, don a ji ko an shirya awo kusa da mu.

Zancen kuɗi ba ƙarami ba ne. A watan Agusta na 2024 gwamnati ta yanke shawarar rage kuɗin ganin likita da na awo da na aiki da rabi a asibitocinta, daga 1 ga Satumba. A tambayi farashi a wurin biya, a karɓi rasit. Manyan asibitoci suna da ofishin kula da marasa hali. A nemi sanin takardun da suke so, irin shaidar rashin hali ta magajin gari. A gida kuwa a zauna da ƴan uwa da ƴan ci-rani a yi lissafi tun farko, don magani na watanni ne, ba na rana guda ba. Asusun Mata Masu Dubara, da aka fara a jihar Maraɗi a 1991, ya nuna cewa kaɗan kaɗan na kowane mako yana fidda gida kunya ranar ciwo. Ba abin da ya hana maza yin irinsa a fada.

Hira da wanda ya riga ya bi hanyar tana kwantar da hankali ƙwarai. Shi ya san masauki a Yamai, ya san yadda ake zama da robar fitsari. A kan benci na asibiti ake samun irinsu, kuma ana iya tambayar ma'aikata ko akwai ƙungiyar marasa lafiya. In an shiga taron WhatsApp na masu ciwon, a tabbata akwai ma'aikacin lafiya sananne a ciki. Kada a sa hoton takardun awo masu ɗauke da suna da lamba, don masu talla nan suke farauta. Maganin da ya yi wa wani, kada a saya don ya ce ya ji daɗinsa.

Karatun da muka koya yana da aiki a nan. A samu ɗan littafi, a rubuta ranar kowane awo da lambar PSA, da lambar Gilisan, da sunan kowane magani, da ranar allura ta gaba. A rubuta tambayoyi tun daga gida: sankara ce ko kumburin tsufa? Ta fita daga furostat? Wannan magani warkarwa yake ko kwantarwa? Wata nawa za a yi, nawa zai ci? Abin da aka ji cikin salula ma a rubuta shi a karanta wa likita. A tafi da wani na kusa, don kunne biyu sun fi ɗaya riƙe magana.

Akwai halin da ba a tsayawa bincike ko jiran ranar kasuwa. In fitsari ya tsaya ɗungum, mara ta cika tana ciwo, a tafi gidan likita nan take a sa roba, don jinkiri yana ɓata ƙoda. In mai ciwon baya ya ji ƙafafunsa sun yi nauyi ko sun mutu, ko ya kasa riƙe fitsari da bayan gida, alama ce ciwon yana danne lakar baya. A nemi mota ranar, ko da tsakar dare ne, a kai shi babbar asibiti tare da littafinsa da dukan takardunsa.